Ƙarfe yana zame min a hannu, Inna kuma ta ce in daina

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 24, tela, ina aiki a shagon maigidana a cikin garin Gombe. Shekara biyu ke nan ina ɗaga ƙarfe a wani fili da ke bayan unguwarmu, kullum bayan la'asar. A ɗagawa daga ƙasa, wadda muke kira dedlif, na kai kilo 140, amma wata biyar ke nan na tsaya cak. Da na sa 150, ƙafata da bayana da sauran ƙarfinsu, sai sandar ta iso gwiwa ta zame daga hannuna. Abokai har sun sa min suna mai hannun mata. Na so in sayi maɗaurin hannu, wanda ake ɗaure hannu da sandar da shi, kocinmu ya ce a wurinsa ba a ɗaura igiya, ta ragwaye ce. Sai na sayi abin matsawa mai sifirin, ina matsa shi sau 200 ko fiye a rana, har a shago. Yau sati uku gwiwar hannuna ta dama tana ciwo ta ciki, ko almakashi na riƙe sai na ji, da dare kuma ƙaramin yatsana da na kusa da shi suna yi min kamar tafiyar kiyashi. Wani abokina ya ce akwai allurar da zai haɗa ni da ita. Innata kuwa dama ba ta son abin, ta ce ƙarfe na 'yan kalare ne, wato 'yan daban garin nan, shi ya sa ban ma gaya mata ciwon ba. Ba na son in bari. Yaya zan yi hannuna ya yi ƙarfi?

Wani ƙaninka daga Gombe

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a karo na biyu ba kilo 150 ɗin ne ya tsaya min a rai ba, almakashin ne. Hannun da kake ɗaga ƙarfe da shi, shi ne dai hannun da kake yanka shadda da shi, shi ne yake zura zare a allura, shi ne abincinka. Saboda haka zan ba ka amsar tambayarka, amma ka yi min haƙuri in fara da ciwon, domin duk dabarar da zan koya maka ba za ta zauna a kan hannun da yake kuka ba.

Ka miƙa hannunka yanzu, ka dunƙule shi da ƙarfi, ka sa ɗaya hannun ka taɓa naman da ke tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Za ka ji ya ɗaure tamau. Nan ne ƙarfin riƙo yake zaune. Tsokar da ke lanƙwasa yatsu ba a cikin yatsun take ba, a sangalin hannu take, sai wasu jijiyoyi dogaye kamar igiya suka ratsa wuyan hannu suka je suka kama kowane yatsa. Da yawa daga cikin wannan tsoka kuma tushensu ɗaya, wato ɗan ƙashin nan da ya turo a gwiwar hannu ta ciki, daidai inda kake jin ciwo. Duk matsa ɗaya da ka yi wa sifirin, wurin nan ka ja. Sau 200 a rana, ga almakashi, ga dutsen guga, ga ƙarfe da yamma, babu ranar hutu. Tsoka tana saurin warkewa saboda jini yana wadatar ta, amma jijiyar da ke ɗaure ta da ƙashi a hankali take ginuwa, a hankali kuma take warkewa. Abin da ya faru ke nan: ka ɗora mata kaya fiye da yadda za ta iya gyara kanta kafin gari ya waye.

Tafiyar kiyashin da kake ji a ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa ita ta fi damuna. Akwai jijiyar saƙo da ke bi ta bayan wannan ƙashin, ita ce wadda in ka buge gwiwar hannu da ƙofa kake jin kamar lantarki ya ja ka har yatsa. Yatsun nan biyu ita take ba wa ji, kuma ita take sarrafa yawancin ƙananan tsokokin tafin hannu, waɗanda tela yake aikin allura da su. In ta takura, abin da kake ji take yi. Wannan ba abin da za a warkar a shafin jarida ba ne, sai an duba ka. Ka je asibiti cikin satin nan, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ko wanda ya fi maka kusa, ka nemi likita ya tura ka sashen gashin ƙashi in ya ga da buƙata. Ka faɗa musu komai, har da sifirin da ƙarfen, kada ka ɓoye don kunya. Kafin nan, ka daina dogara gwiwar hannu a kan teburin keke, ka daina kwana da hannu a naɗe ƙarƙashin kai. In ka ga allura ta fara suɓuce maka, ko yatsun sun mutu ba sa farfaɗowa da rana, to kada ka jira ko kwana ɗaya.

Maganar allurar abokinka kuwa, a'a. In ta kashe ciwo ce, za ta rufe bakin mai yi maka gargaɗi ne kawai, ka ci gaba da ja har abin ya tsinke. In kuma irin wadda ake yi don kumbura jiki ce, ita tsoka take hura wa wuta ta bar jijiya a baya, wato ta ƙara maka ainihin matsalar da kake ciki, ban da abin da take yi wa zuciya da hanta da ƙwayoyin haihuwa. Saurayin da bai yi aure ba bai kamata ya yi caca da wannan ba. Ka gode masa, ka wuce.

To, mu zo kan sandar da ke zamewa. Abu na farko da nake so ka cire daga ranka shi ne wai hannunka ne mai rauni fiye da na kowa. Kusan duk wanda ya daɗe yana ɗagawa daga ƙasa yana isowa wannan mararraba, saboda cinya da ƙugu da baya manyan tsoka ne, sangalin hannu kuwa ɗan ƙarami ne, dole wata rana manyan su tsere masa. Zamewar sanda a kilo 150 alama ce cewa bayanka ya yi gaba. Kuma sifirin da ka saya ba irin ƙarfin da kake nema yake koyarwa ba. Matsa abu ka sake daban, riƙe abu mai nauyi ya ƙi fita daban. Sifirin mai laushi da ake matsawa ɗaruruwa juriya kawai yake ƙarawa. Sanda ba ta ce ka matsa ta ba, cewa ta yi ka hana ta buɗe maka yatsu na daƙiƙa biyar ko goma alhali nauyin buhun siminti uku yana ja ƙasa.

Ka taɓa tsayawa a Tudun Hatsi ka kalli masu lodi? Ka dubi yadda mutum yake kama kunnen buhun masara da yatsu huɗu da babban yatsa, ya fizgo shi, abokinsa ya tallafa, ya hau kafaɗa. Hannayensu kamar an sassaƙa da itace. Babu wanda ya taɓa ganin sifirin a cikinsu. Riƙe nauyi ne ya gina su, yau da gobe, shekara da shekaru. Haka 'yan ga-ruwa, haka matan ƙauye masu jan guga a rijiya mai gaba ashirin. Shi ya sa ma sunan da abokanka suka sa maka bai yi musu daidai ba. Ruth Ogbeifo, mace ce, ita ta ciyo wa Najeriya lambar azurfa a ɗaga ƙarfe a gasar Olamfik ta Sidni a shekarar 2000.

Kafin ka zargi hannu, ka duba sandar da kuke amfani da ita. Sandar gasa ta maza kilo 20 ce, kaurinta wajen milimita 28 zuwa 29, kuma an kakkarta mata wani kaushi a inda ake riƙewa don ta kama fata. A filaye da yawa na unguwa kuwa, abin da ake da shi bututun ruwa ne ko wani ƙarfe da mai walda ya haɗa, an zuba siminti a gwangwani an kafa a gefe da gefe. Irin wannan ya fi kauri, ga santsi, ga gumin mutum goma da suka riga ka. In haka taku take, to kilo 140 ɗinka a kanta ya fi kilo 140 na wanda yake da sandar kirki wahala a hannu. Ka riƙa zuwa da tsumma busasshe kana goge ta kafin ka kama. Ka nemi farin garin da masu ɗaga ƙarfe suke shafawa, maganiziyam kabonet sunansa, yana shanye gumi, kuma a zafin Maris da Afrilu na Gombe shi kaɗai yana iya ƙara maka kilo da yawa a rana ɗaya. Allin makaranta ba shi ba ne, hodar jiki kuwa santsi ma take ƙarawa. Safar hannu ita ma ka bar ta, kaurin sandar take ƙarawa, hannu kuma yana yawo a cikinta.

Sai inda kake ajiye sandar a hannu. Yawancin masu farawa a tsakiyar tafi suke cusa ta, suna ganin nan ne ya fi tsaro. Da nauyi ya ja, sai ta gangaro zuwa gindin yatsu, ta tattaro fata ta matse, ga kanta ta tashi, ga sandar ta riga ta fara tafiya tun ba ta bar ƙasa ba. Ka ɗora ta tun farko a gindin yatsu, inda dama can za ta ƙare, sannan ka rufe hannu ka matse iya ƙarfinka kafin ka ja. Ni kaina na sha wannan darasi da jini. Wata safiya cikin hunturu, fata ta bushe, kantar da na bari ta yi tudu a gindin yatsan tsakiya ta ɓalle gaba ɗaya a ɗagawa ta biyu. Sati guda ina jin ruwan alwala kamar barkono. Tun daga ranar nake goge kanta da dutsen goge kaushi bayan wanka don kada ta yi tudu, in shafa man kaɗanya da dare, ba kafin motsa jiki ba. Kai da kake taɓa yadin mutane, ciwo a tafi asarar kwanaki ce.

Dalilin da ya sa sanda take fita shi ne murginawa. In tafukanka biyu suna kallon jikinka, sandar tana birgima ta nufi bakin yatsu, inda ƙofa take. Hanya biyu ake rufe wannan ƙofa ba tare da igiya ba. Ta farko, ka juya hannu ɗaya, tafi ɗaya yana kallonka ɗaya yana kallon gaba, sai birgimar wannan ta kashe ta wancan. Yana aiki nan take, amma da sharaɗi: hannun da tafinsa ke kallon gaba dole ya miƙe sarai kamar igiya, domin in ka lanƙwasa gwiwar hannu kana neman taimaka wa ƙarfen, jijiyar damtse tana iya tsinkewa, kuma wannan sai tiyata. Ka riƙa sauya hannun da kake juyawa, kuma kada ka juya na dama sai ya warke sarai. Ta biyu ita ce riƙon ƙugiya, wanda 'yan Olamfik suke yi: ka fara naɗe sandar da babban yatsa, sannan manuniya da yatsan tsakiya su hau kansa su danne shi. Babban yatsan ya zama sakata. Ba zan ɓoye maka ba, makonnin farko yana da zafi sosai, har sai ka ji kamar farce zai fita. Tela kuma yana buƙatar babban yatsansa da safe. Don haka in za ka koya, ka fara da kilo 60, ka naɗe yatsan da filasta, ka ƙara kaɗan-kaɗan cikin wata biyu.

Yanzu maganar koci. Ina so ka yi masa adalci, domin rabin maganarsa gaskiya ce. Wanda ya saba ɗaura maɗauri tun daga ɗagawar farko har ta ƙarshe, hannunsa ba zai taɓa girma ba, kuma a gasar ɗaga nauyi ta ƙa'ida ba a yarda da maɗauri ba. Mai yiwuwa ya ga samari da yawa sun ɓoye a bayan igiya, shi ya sa ya rufe ƙofar gaba ɗaya. Inda ya kauce shi ne cewa na ragwaye ne. Eddie Hall ɗan Ingila, mutum na farko da ya ɗaga kilo 500 daga ƙasa a shekarar 2016, da maɗauri a hannunsa ya ɗaga, saboda gasar ƙarfafa irin tasu ta yarda da shi. Maɗauri kayan aiki ne. Amfaninsa shi ne kada ƙaramar tsoka ta hana babba cin abincinta. Abin da nake ba ka shawara shi ne ka raba aikin biyu: duk ɗagawar ɗumama jiki da ta matsakaicin nauyi ka yi da hannu tsirara, tafuka biyu suna kallonka, har inda riƙo ya fara gazawa. Daga nan zuwa sama, ko ka juya hannu, ko ƙugiya, ko maɗauri a zagaye ɗaya ko biyu na ƙarshe. Da haka hannu ya samu rabonsa, baya ma ya samu nasa.

Kada ka kawo masa wannan a gaban yara, zai ji kamar kana ƙalubalantarsa, ya kafe. Ka same shi shi kaɗai, ka gaishe shi, ka ce: "Oga, hannuna ya samu matsala, na je asibiti, ga abin da aka ce. Ina so in ci gaba a hannunka, ka ba ni dama in sa maɗauri a na ƙarshe kawai har in warke." Mafi yawan masu koyarwa in aka ba su girmansu suna sassautawa. In ya ƙi, har ya ce ka ci gaba da ja a kan ciwo, to ka san ba lafiyarka ce a gabansa ba, kuma Gombe ba fili ɗaya gare ta ba.

Ga yadda nake ganin watanni uku masu zuwa. Sati biyu zuwa uku na farko, ko iya abin da likita ya ce, sifirin ya shiga durowa, dedlif mai nauyi ya tsaya. Ba zama za ka yi ba, ka yi tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, ka yi aikin ciki da gudu, duk abin da ba ya tayar da ciwon. Idan ka kai inda za ka riƙe almakashi yini guda ba ka tuna da gwiwar hannu ba, sai ka dawo da rabin nauyin da ka saba, ka hau a hankali. Aikin riƙo kuma sau biyu a sati ya isa, a ƙarshen motsa jiki, ba a farko ba, don kada ka gajiyar da hannu kafin babban aiki. Mafi amfani a ciki shi ne mafi sauƙi: bayan ɗagawar ƙarshe, ka rage nauyi zuwa abin da za ka iya riƙewa, ka miƙe da shi ka tsaya cak, daƙiƙa 10 zuwa 20, sau uku. Ranar da 20 ta zama wasa, ka ƙara kilo biyar. Bayan shi sai tafiya da kaya: jarka biyu masu lita 25, kowace cike da ruwa kilo 25 ke nan da ɗan ɗori, ka naɗe mariƙin da tsumma, ka miƙe ƙirji, ka yi taku 30 zuwa 40, ka ajiye, ka huta, ka maimaita sau uku ko huɗu. In sun yi maka nauyi da farko, ka rage ruwan, wannan shi ne daɗin jarka. Wata ranar ka musanya da rataya a sandar lilo, daga daƙiƙa 20 har ka kai minti guda. Babban yatsa kuma ka ba shi nasa ta hanyar tsunkule faifan ƙarfe biyu a haɗe, santsinsu a waje. Ka ƙare da sa robar ɗaure kuɗi a bakin yatsu biyar kana buɗe su sau 20, domin tsokar da ke buɗe hannu ita ma ta samu aiki. Ba sai ka yi duka a rana ɗaya ba, biyu sun isa.

Ka kuma duba kalandar sana'arka. Lokacin ɗinkin sallah, da kuke kwana a kan keke, ga azumi, ga yanka ba dare ba rana, hannunka yana cikin nasa motsa jikin. A irin wannan wata ka ajiye aikin riƙo gaba ɗaya, ƙarfin ba zai gudu ba. Maigidanka ma yana da hakki a nan. Ya kamata ya san hannunka yana ciwo, ko zai sauƙaƙa maka yanka da guga na 'yan kwanaki ya bar ka a kan ɗinki.

Na bar Inna a ƙarshe ne don ita ce mafi nauyi a cikin wasiƙarka, ta fi kilo 150. Duk wanda ya zauna a Gombe ya san abin da kalmar kalare take nufi a kunnen uwa. Ta ga 'ya'yan maƙwabta da suka fara da taron samari a bayan unguwa suka ƙare a inda ba a so. Ba ƙarfen take tsoro ba, taron da abin da ake sha a taron take tsoro, kuma ga shi da bakinka ka ce an riga an yi maka tayin allura. Ka ga ba ta yi nisa da gaskiya ba. Na san za ka iya kawo mata hadisin da ke cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, kuma a kowanne akwai alheri. Hadisi ne ingantacce, yana cikin Muslim, amma uwa ba a cin ta da hujja. Ka zauna kusa da ita bayan isha'i, ka gaya mata hannunka yana ciwo, ka gaya mata kai ka jawo da gaggawa, kuma za ka je asibiti. Za ta yi faɗa, ka saurara har ta gama. Sannan ka yi mata alkawarin da za ka iya cikawa: magariba a gida ko a masallacin unguwa za ta riƙa samunka, ba ƙwaya, ba allura, kuma duk wanda kake tafiya filin da shi za ka kawo shi ya gaishe ta ta san fuskarsa. In akwai yayanka ko kawunka da take jin maganarsa, ka roƙe shi ya je ya ga wurin da idonsa ya dawo ya ba ta labari.

In ta ce ka dakata na wani lokaci, ka dakata da zuwa filin, dama hannun hutu yake nema. Jarkokin nan biyu kuma, idan ka warke, a tsakar gidanta za ka riƙa tafiya da su, ka juye mata a randa. Ka rubuto min bayan ka ga likita, ina son in ji abin da aka ce game da yatsun nan biyu. Allah ya ba ka lafiya, ya sa albarka a sana'a.